Barcina a Jikin Bango

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yara? Ni lafiya lau, sai tsayuwa.

Har yanzu ina gadi a gidan nunin zane. Zane dai a suna. A wani ɗaki karyayyar kujera ce kawai, aikina in hana mutane zama a kanta.

Kwanaki wata mai zane ta ɗauke ni bidiyo ina gyangyaɗi a tsaye a bakin ƙofa. Gaskiya ta nemi izinina daga baya, na kuma yarda. Yanzu ana haska bidiyon, ga ni a jikin bango, baki buɗe, safe har yamma, mutane suna kallo sun riƙe haɓa. Wani ya ce wa matarsa, "Ɗan wasan nan ya iya gajiya." Ina tsaye a bayansu, bai waiwayo ba.

An ce bidiyon ya fara yawo a waya. Don Allah kada yara su nuna wa Inna. Na ce mata aikina na zaune ne. Ita ta san fuskata, ba za ta ɗauka wasa ne ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.