Na Zama Tafinta Tsakanin Inna da Jikanta

Yaya Bilki,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya Malam da yara, yaya sanyin Landan? Mu nan Jibiya lafiya, sai ƙafar Inna da ta ƙi sauƙi.

Kin tambaye ni makarantar da za ki sa yara, wai ni ce mai digiri. To ga sakamakon nawa zaɓin. Da aiki ya kai mu Yamai, na sa Nasiru makarantar 'ya'yan Turawa mai Faransanci da Ingilishi. A gida ma na hana Hausa don bakinsa ya saba da wuri. Ya kuwa saba.

Jiya muka ƙetaro iyaka a sabuwar Fijo, jandarmomi suna yaba Faransancinsa, ni ina hura hanci. Muna shiga gida Inna ta fara masa wasan jika: "Maigidana, haka ake dawowa, ko turmin atamfa babu? To yau ba ka da tuwo." Ya miƙa mata hannu daga tsaye, ya tambaye ni me tsohuwar take so. Na fassara, sai ya ba ta haƙuri da gaske. Inna ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce mini, "Ki gaishe mini da shi." Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Jibi za mu koma. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Malam, yara kuma ki gaishe su da Hausa tun suna amsawa.

Ƙanwarki,
Hadiza