Ɗanlami, Kalma Ɗaya Na Faɗa a Rediyo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Fulatan baki ɗaya. Sati shida ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na rubuto nan, inda kowa zai gani.

Tun muna buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar Karaye kake ce mini surutuna ya fi ƙafata gudu. Ga shi ya tabbata. Da gwiwa ta raba ni da fili, kai ne ka goya ni zuwa motar asibiti, kai ne kuma ka ce in gwada sharhi a rediyo tunda bakin bai karye ba. Kai ka zama koci, ni na zama mai surutu a kan koci-koci.

Ranar da aka ci ƙungiyarka huɗu da nema, na san abin da ya faru. Da bakinka ka gaya mini motarku ta lalace a hanya, 'yan wasanka suka shiga fili ko abinci ba su ci ba.

A situdiyo mai gabatarwa ya tambaye ni ko lokaci ya yi da kocin zai tafi. Furodusa yana bayan gilashi yana juya yatsa, wato in taƙaita, talla za ta shigo. Bayanin motar zai ci minti guda, ni kuwa ba ni da shi. Na ce eh.

Bayan kwana uku shugabannin ƙungiyar suka sallame ka. A wurin aiki har yaba mini aka yi, wai ba na nuna son kai.

Ɗanlami, na gaji. Kullum in zauna cikin sanyin na'ura ina yanke wa masu gumi hukunci, in dawo gida in kasa cin tuwo. Ban ce ka yafe yau ba.

An ce kana cirar gyaɗa. Ranar Juma'a zan biyo motar Rogo, in sauka a gonarka bayan an sauko daga masallaci. In ka ga dama ka zage ni, in ka ga dama ka yi shiru. Zan zauna har ka gama, babu mai juya mini yatsa a can.

Allah Ya sanya albarka a gonarka, Ya sanyaya zuciyarka a kaina.

Naka,
Nasiru, ɗan Unguwar Hajji