Idon Mai Zura Zare

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da karatu. Mu ma lafiya lau, sai ɗinki da ya sha mana kai a shago.

Na ji kin bar ajin kimiyya kin koma na masu koyon malanta. To, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Tunda kin zama Malama tun kafin ki gama sakandare, ga aiki: na haɗo miki da littafin rubutun 'yarki, wato 'yar wajena, ki ga abin takaici. Tana aji huɗu, amma layi ɗaya ya gagare ta kwafewa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har bulala na ɗauka, duk a banza. Zangon nan yana ƙarewa zan cire ta, ta zauna ta koyi ɗinki.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwar girmamawa, saƙo ya iso. Zolayar kuma na adana ta sai na zo hutu.

A ajinmu an koya mana cewa kafin ka ja wa yaro jan biro, ka duba inda kuskurensa ya taru. Na bi littafin shafi-shafi. Duk inda aka yi musu shifta, wato malami ya faɗa su rubuta, ba ta kuskure ko ɗaya. Sai abin da aka kwafa daga allo ne yake fitowa a hargitse. Na nuna wa malamarmu, abin da ta fara tambaya shi ne, "A wane benci take zama?"

Yaya, ina zargin idonta ne. Don Allah kada ka yanke hukunci tukuna.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Auta

Malama Auta,

Muna gaisuwa. Na karanta takardarki har sai da na yi dariya. Ido? Yarinyar da ke zura min zare a allurar da ni kaina sai na yi ta lalube? Duk layinmu babu mai idonta. A bencin baya take zama saboda ta fi su tsawo, shi ke nan. Na ma sa an gyara mata ƙaramin keken ɗinkin nan na kusa da ƙofa.

Ki mai da hankali kan jarrabawarki.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, kuma ka yi haƙuri da nacina, a wurinka na gada.

Ganin allura daban, ganin allo daban. A gwajin koyarwarmu, da zarar mun yi rubutu a allo sai a tura mu can ƙarshen aji mu karanta, don mu san abin da na baya ke gani. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗauki allin da kake zana yadi da shi, ka rubuta kalma uku a jikin ƙofar shago. Ka tsayar da ita a bangon ƙarshen shagon ta karanta, sannan ta riƙa matsowa taku-taku. Idan ta karanta daga bango, na yi shiru, ka cire ta.

Allah ya ƙara girma.
Auta

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa, kuma wannan karon ba zolaya a sunan.

Sai da ta zo taku uku daga ƙofar sannan ta karanta. Ranar ban iya ƙarasa ɗinki ba. Mun je wurin likitan ido, an ba ta gilashi, makaranta kuma sun dawo da ita bencin gaba. Na gode, Auta. Ki yi wa malamarku godiya, ki ce wani tela mai taurin kai ne.

Jiya ta dawo daga makaranta a guje, ta ce, "Baba, tun daga kan kwana na ga kana ɗago min hannu!"

Shekara huɗu ke nan kullum ina ɗaga mata hannun nan daga nesa ba ta amsawa, ina cewa a raina yarinyar ba ta da ladabi.

Yayanki