Yatsun Gumsu

Lamisula, Maiduguri
Maris, 1988

Zuwa ga ƙanena Umara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Ingila bai hana ka karatu ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya maido mana da kai cikin alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, kuma duk wanda ya shigo gida, ko mai tallar kifi ne, sai ta nuna masa hotonka da farar riga.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan na taso daga makaranta. Da na zo inda ka ce kuna ɗinke jijiyar yatsa da zaren da bai kai gashin kai kauri ba, kuna leƙawa ta madubin ƙara girma, sai na ajiye takardar na lumshe ido. Na gan ka a wani ɗaki mai haske nan cikin garinmu, masunta daga Baga da matan da injin niƙa ya kama suna zaune a layi, kowa ya rungume hannunsa kamar jariri. Suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa suna motsa yatsu suna murmushi. Kiran la'asar ne ya dawo da ni. Na yi dariya ni kaɗai, don na tuna a da ko zare ba ka iya zurawa a allura, sai ka kawo mini, ni mai hannu ɗaya.

Ƙarshen wasiƙar ne ya ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce yanzu da ka san aikin, ka gane hannuna na hagu ya wuce gyara, domin naman ya mutu tun ranar da mai ɗori ya ɗaure shi tamau da kara ina ƙarama. Ka ce kana jin kunyar dawowa ba tare da ka cika alkawarin da ka yi mini kana ɗan firamare ba, cewa kai za ka buɗe shi, kuma ga shi sun yi maka tayin aiki a can. Umara, ni na daɗe da sanin haka. Da hannun nan a dunƙule na yi aure, da shi na yi goyo, kuma ba na jiran kowa a kansa.

Ga abin da ban gaya maka ba. Kwanakin baya Gumsu, autata, ta faɗo daga katanga ta karye a wuyan hannun dama. Ina makaranta, kakarta ta wajen uba ta kira mai ɗori kamar yadda aka saba. Da na dawo na tarar yatsun sun kumbura sun yi sanyi, daidai yadda Inna ke ba da labarin nawa. Ban tsaya shawara da kowa ba, da haƙori da hannu ɗaya na kwance ɗaurin na kai ta asibiti. Surukata ta jima ba ta amsa gaisuwata, amma ban damu ba. An sa mata siminti, ƙashi ya haɗu, sai dai babban yatsa da manuni sun ƙi lanƙwasuwa. Likita Thomas, wanda ya duba ta, ya ce jijiya ce ta taɓu, aikin masanin hannu ne, kuma bai san wani a kusa ba. Ya ce in aka wuce bana gyaran zai yi wuya. Tsoro nake ji, ƙanena.

Ranar bikin Lauratu, 'yar maƙwabtanmu, aka zauna yi wa yara lalle. Gumsu ta miƙa hagu kawai, ta ɓoye dama a cikin zane, ta ce wannan sai Kawu Umara ya zo ya buɗe shi tukuna. Ba ni na faɗa mata ba. A bakin Inna ta ji labarin alkawarinka, ta ɗauka da ita ake. Ban gyara mata ba.

Inna tana gaishe ka tana sa albarka. Maigidana Malam Ba'ana da ɗanmu Haruna suna gaisuwa, Gumsu kuma ta ce a gaya maka ta iya rubuta sunanta da hagu, amma ba ya kyau.

Alkawarin nan nawa ne, kuma na bar mata shi. Ka rubuto mana ranar da za mu tarbe ka.

Yayarka,
Kaltum