Amarya Mai Gemu da Wardin Muyassar

'Yata Mavluda mai amsa wasiƙun masu karatu, ki taimake ni da shawara kafin ɗana ya turo motar siminti.

Ni tsoho ne a Kokand. Bara matata Muyassar ta rasu, ta bar min gindin wardi a tsakar gida, shukar hannunta tun tana amarya. Da zafi ya shigo sai ganyen ya fara ɗige-ɗigen rawaya, ya koma kamar an babbaka shi, yana zuba. Maƙwabcina Ergash ya ba ni ragowar maganin feshin gonar audugarsa. Na fesa, abin ya ƙara lalacewa. Wallahi ranar na yi kuka, ji na yi kamar za ta sake mutuwa.

Wata safiya na sa tabarau na juya ganye ɗaya. Ashe ɓarnar a ƙarƙashin ganyen take: saƙa siririya irin ta gizo-gizo. Na karkaɗa reshe a kan farin faranti, sai ga abu kamar garin barkono yana tafiya da ƙafafunsa. Na zauna ina tunanin me Muyassar take yi wanda ba a yi yanzu. Kullum da sassafe tana yayyafa ruwa kafin shara, ta bi ganyen da buta tana wanke shi ta ƙasa. Tun da ta tafi ƙura ce kawai.

To, na ɗauki tsintsiya da bokiti. Na tsinke ganyen da ya mutu na ƙone, na riƙa wanke sauran, wani lokaci da ruwan sabulu. 'Yata, ki zo ki gani! Fure ja wur, ƙamshi har titi. Ergash da ya ce in sare shi, yanzu leƙe yake ta katanga.

Matsalar, kin san a al'adarmu sharar ƙofar gida da safe aikin amarya ne. A gidan shayi sun sa min suna Amarya Mai Gemu, suna tambaya ko na gaida surukaina. Ni ko a jikina. Amma magana ta kai wa ɗana Sardor a Tashkent. Ya ce na kunyata shi, zai malale tsakar gidan da siminti, a huta da shara da wardin baki ɗaya. Ban taɓa sa-in-sa da shi ba. Yaya zan yi?

Amarya Mai Gemu, Kokand

Baba, barka da wannan nasara. Ka gano abokin gaba da kanka. Waɗannan ƙwari zafi da ƙura da bushewa suke so, a ƙarƙashin ganye suke ɓuya. Maganin auduga kuwa ya kashe ƙwarin da ke cinye su ne, ya bar musu fili, don haka kada ka sake karɓa. Ci gaba da wankin da safe, ba da rana tsaka ba, ka riƙa gwajin farantin nan duk mako, don suna dawowa. Siminti zafi zai ƙara, har rumfar inabi, in kuna da ita, sai ta ji a jikinta.

'Yan gidan shayi ka bar su, baki ne da su, ba su da fure.

Amma ka yi wa Sardor adalci. Ba tsintsiyar ce ke damunsa ba, cewa ake ya bar mahaifinsa yana bauta shi kaɗai, kuma wannan magana da zafi. Ka kira shi ya kwana a gida, ka tashe shi da safe, ka miƙa masa bokitin a gaban unguwa. Ka faɗa masa a fili cewa wardin ba zai taɓu ba muddin kana raye.

Sannan ka tuna, Baba, kai mata ka rasa, shi uwa ya rasa, kuma a can Tashkent inda yake zaune babu abin da hannunta ya shuka. Idan kaka ta yi, ka yanka masa reshe mai kyau ya tafi da shi.

Allah ya jiƙan Muyassar, ya ƙara maka ƙarfin ɗaukar bokiti.

'Yarka, Mavluda