Gefen Hanne a Tire

Daren Laraba, Kazaure

Yau Hanne ta tafi, kuma ni na jawo da bakina. Da na buɗe sabon shagon ɗinki a Babura, ban zaɓi mai riƙe shi ba. Na ce wa yaran shagona duk mai so ta faɗa. A zatona wata cikin sababbin ce za ta yi zumuɗi. Sai Hanne, wadda nake miƙa wa leshin amarya ta yanka ban ko leƙa ba, ta ce, "Anti, ni zan je. Ya fi kusa da Inna, ƙafarta ta matsa mata."

Da na ce a'a, wallahi zama za ta yi, ko fuska ba za ta ɓata ba. Shi ya sa na yi shiru.

Da rana muka zauna cin dambu a tire ɗaya kamar kullum. Kowa ta ci gabanta ta tashi. Gefen Hanne yana nan tuli guda, babu wadda ta kai hannu. Ni ma na kasa.