Gawon da Shanunka Suka Shuka

Zuwa ga abokina Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana kwance cikin sanyin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka, takarda ba ta taɓa yi maka amfanin komi ba in ban da ƙunshe kanwa, balle yanzu da ƙasa ta rufe ka damina biyu. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk garin nan babu wanda zan zazzage wa ita ya fahimta sai kai. Ni ne Illa, maƙerinka, wanda kake kira bawanka a gaban jama'a, ni kuma in ce da kai ɗan daji marar gida.

Maganar shanunka ce. Ka tuna ranar da na zo duba ka a ruga, ciwo ya riga ya cinye ka, ka riƙe mini hannu ka ce kada in rufe wa shanunka gonata muddin akwai ko guda a hannun ɗanka Sambo? Na ce maka haba, wannan har sai an roƙa? Tun muna samari haka muke. Kaka ta yi, in cire gero, kai kuma ka koro garke su kwana a gona, su ci kara su bar mini taki. Ni in auna maka hatsi, Dije matarka ta aiko wa iyalina nono. Ban taɓa zaton akwai ranar da wannan alkawari zai yi nauyi ba.

Dije tana nan lafiya, tana wurin ɗiyarku a Baudeta, sai ciwon gwiwa. Rabi, uwar ɗiyana, har yanzu in ta dama fura da ruwa zalla sai ta ambace ka. Garin kuwa, Bello, ya ƙara lalacewa a kan yadda ka bar shi. Ruwa ya daina sanin lokacinsa. Ya zubo sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe gidaje, sannan ya ɗauke har shuka ta ƙone. Makiyayar da ke arewa da mu an nome ta, burtali ya matse har saniya biyu ba sa jerawa. Kara kuwa ba mai barinsa a gona yanzu. Ana gama yankan gero kowa zai kwashe nasa a amalanke ya ɗora a kan itace, ya tsare shi kamar hatsi. Har ɗiyana haka suke yi, kuma ban hana su ba, don su ma da awakinsu.

Abu guda muka samu da ya yi kama da dabara, shi ne itace. Kai ne shaida, ni na fara barin tohon gawo a gona lokacin da kowa ke sassabe ya ƙone. In zaɓi reshe mai ƙarfi a kututture, in share na gefensa, in bar shi ya tashi. Dariya ka riƙa yi mini, kana cewa maƙeri ya rasa gawayi ya koma renon ƙaya. Daga baya kai da bakinka ka ce ai ba ni na shuka su ba, shanunka ne, su suka ci ɗiyan gawo a daji suka zo suka kasayar a gonata. Gaskiya ka faɗa, ban dai amsa maka ba don kada kanka ya kumbura. Itatuwan sun girma. Geron da ke ƙarƙashinsu ya fi na fili nesa ba kusa ba, kuma in iskar farkon damina ta taso da rairayi, su ke tare ta. Da mutane suka gani sai suka bi. Ƴan furoje, ma'aikatan raya karkara, suka zo da motarsu suka koya mana haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako don su riƙe ruwa, aka kafa komite na tsaron itace, aka ɗora ni a kai. A ƙofar masallaci muka yi alkawari, babba da yaro, cewa ba mai sa ƙarfe a jikin ɗanyen gawo. Ni kuwa ka san ni da zafin kai. Bara da na kama maƙwabcina Ɗan Lami yana datsar reshe don tumakinsa, a gaban matarsa na karɓe gatarin, na rataye shi a maƙera.

To, bana da bazara Sambo ya iso. Wallahi da farko ban gane garken ba. Garkenka da in ya taso sai an kauce a hanya, abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba, su ma ƙashi da fata. Ya ce mini sun yi kudu sun tarar ba a shiga saboda rashin kwanciyar hankali, sun dawo sun tarar da ƙasa fayau. Wule tana cikinsu, mai farin goshin nan, jikar saniyar da ka gada wurin mahaifiyarka. Ita ce na gane, don yadda take karkata kai in tana kallon mutum.

Sambo ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha ruwa. Sai can ya ɗaga kai ya dubi gawon gonata. Ka san halin gawo, lokacin da komi ya bushe shi yake kore shar. Bai ma iya roƙon da kyau ba. Cewa ya yi ko zan yarda ya sauke musu ƴan rassa kaɗan, su samu abin da zai kai su faɗuwar ruwa.

Na hana shi, Bello. Na ce masa akwai alkawarin gari, kuma ni ne mai tsaronsa. Na sauke duk karan da ya rage mana na ba shi, na haɗa da dusar da Rabi ke tarawa, na ce ya gwada wajen Gidan Amumune, an ce akwai sauran ciyawa a can. Ban san ko akwai ba, ji na yi a bakin mutane. Ya yi godiya, ya kora su suka tafi. Rabi kuwa ba ta bar ni na sha ruwa ba. Ta ce nonon da uwar yaron nan ke aiko mana ne ya raya mana ɗiya a shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin damina, yau kuma na zaɓi ƙaya a kansa. Na daka mata tsawa, amma tuwon ranar ban taɓa shi ba.

Da Sambo ya dawo, garken ya ƙara raguwa. Babu ciyawa a can, babu komi. A bakin gonata Wule ta durƙushe ta kasa tashi. Ka san yadda ake yi, a zura itace ƙarƙashin cikinta, maza su kama gefe da gefe a ɗaga ta, a riƙe har ƙafafunta su tsaya. Kowace safiya haka muka riƙa yi, ni da Sambo da ɗiyana. Ana sakinta ta ɗan yi taku sai ta sake zubewa, kuma inda take zubewar, inuwar gawo ce. Ganye na lilo a samanta tana kallo. Kai, Bello, wace irin zuciya ce za ta jure wannan? Kai da ka ce ita da iyayenta suka shuka itacen, yaya zan tsaya in ga ta mutu da yunwa a gindinsa?

Ban yi a ɓoye ba. Da hantsi, mutane na wucewa zuwa rijiya, na ɗauko barandami a maƙera, irin mai doguwar ƙotar da nake ƙera muku, na sa wa gawon da hannuna. Rassan sama na zaɓa, na datsa yadda zai sake tohowa. Shanun suka yi caa a kai. Wule tana kwance ta miƙa wuya tana fizga, ƙaya na sukar bakinta ba ta damu ba. Sambo ya juya mini baya, na san kuka yake.

Abin da ban lissafa ba shi ne kowa a garin nan yana da dabbar da ke mutuwa. Ba tsoron Allah kaɗai ya riƙe hannun mutane ba, har da ganin cewa ba wanda ya fara. Kafin la'asar Ɗan Lami ya shigo maƙera, bai yi mini sallama ba, ya sauke gatarinsa daga inda na rataye ya fita. Kashegari gonaki suka cika da sara. Maza a sama, mata da igiya a ƙasa. Da a ce datsa suka yi irin tawa da sauƙi, amma mai yunwa ba ya zaɓen reshe. Manyan aka yi musu aski tas, ƙananan da ba su kai a hau ba aka sare su daga gindi. Aikin da muka yi shekara da shekaru muna reno, kafin Juma'a ta zagayo ya zama sanduna a tsaye. Na yi ta zagayawa ina roƙo, ba mai ko ɗaga kai. Ƴan gandun daji suka zo, mai gari ya tara mutane, aka tambayi wa ya fara, na miƙe. Aka cire ni daga komite a wurin. Ban ji haushin kowa ba, ni ma da ni ke yanke hukuncin abin da zan yi ke nan.

Sannan iska ta zo ta karɓi nata. Mun yi binne kamar kullum, mun zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa. Ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro gwanin kyau. Hadari na biyu kuwa babu ruwa a cikinsa sai rairayi, kuma babu abin da zai tare shi. Da ya lafa na je gona ban ga ko kore ɗaya ba, an shafe ta kamar ba a taɓa shuka ba. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage, ruwa ya ɗauke lokacin da geron ke cikin fitar da kai. Abin da muka girba bana ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Ba ni kaɗai ba, duk gari. In na wuce majalisa sai hira ta tsaya, kuma na san dalili.

Da abu ɗaya na riƙa lallashin kaina. Wule ta tashi. Ta tashi da ƙafafunta, ciyawa ta fito, Sambo ya kora su arewa suna da ɗan kuzari. Na ce to, ko ba komi na cika wa Bello alkawari, garkensa bai yanke ba. Da kaka ta yi na hana ɗiyana taɓa karan gonar yamma. Kowa ya kwashe nasa, nawa kaɗai ke tsaye a duk faɗin jigawar, mutane na cewa tsufa ya fara taɓa Illa. Na ce a bar shi, shanun Bello na tafe. Kullum da yamma sai in je bakin burtali in tsaya.

Ranar kasuwar Tasawa da ta wuce na kai lauje da fartanya. Na ratsa ta wajen masu shanu, sai na ga ana tura dabbobi cikin babbar mota mai zuwa kudu. Farin goshin na fara hangowa. Ta toge a bakin katakon hawa, wani na murɗa mata wutsiya, wani na dukanta. Ta karkata kai ta dube ni, ko kuwa ni na ga kamar ta dube ni, ban sani ba. Duka sauran suna ciki, har ɗan maraƙin da ta haifa da damina.

Sambo yana gefe, riƙe da sabon babur. Da ya gan ni ya jingine shi ya durƙusa har ƙasa, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce ya sayar da su duka, zai yi kabu-kabu da babur ɗin, ya riƙa ɗaukar mutane a Gidan Amumune. Ya ce ba zai iya sake wata bazarar yana ɗaga saniya da itace ba, kuma ya ji abin da ya same ni a gari saboda shi, ba zai ƙara jawo mini ba. Na buɗe baki in zage shi, wallahi na buɗe. Sai na ga yadda wuyansa ya rame. Da mi zan ce ya ciyar da su baɗi? Gawon da na riga na sa aka ƙare? Na dafa kansa na sa masa albarka, na ce ya riƙa tafiya a hankali. Motar ta tashi muna tsaye.

Shi ke nan, Bello. Itacen ya tafi, shanun ma sun tafi. Da kana nan, za ka roƙe ni abin da Sambo ya roƙa? Ko kuwa za ka bar ta ta mutu ka yi shiru, irin taurin kanku? Na juya abin ta kowace fuska ban samu inda ya kamata in tsaya ba. Ban taɓa faɗa maka ba, saboda bakinmu bai saba da komi ba sai tsokana, amma ban yi ɗan'uwa kamarka ba, har cikin waɗanda muka sha nono ɗaya. Ina kewarka ƙwarai, kuma yau na gode wa Allah da ba ka ga wannan ranar ba.

Karan yana nan tsaye a gonar yamma, gara ta fara cinsa. Gobe in Allah Ya kai mu zan ce wa ɗiyana su je su kwashe.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu inda ba a jiran ruwa. Ka huta lafiya, ɗan daji.

Naka har mu sadu,
Illa Maƙeri